Bashin da Ya Jira Gadon Malam

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ina cikin ma'aikatan da aka ce su tattara su koma Dutse, saboda asalin iyayena na wannan ɓangaren ne, ko da yake ni a Kano aka haife ni, can na yi karatu, can na yi aure. Muka zo muka tarar da ɗan ƙaramin gari a gindin duwatsu, ga dabino ko'ina, amma ɗakin haya ya fi komai wuya. Wasu kullum sai su yi sammako daga Kano su koma da yamma. Na gwada haka na wata guda, albashina ya ƙare a kuɗin mota. Sai wani abokin aikina, Kirista mutumin Filato da ya daɗe a garin tun kafin a yi jiha, ya ce in zo in shimfiɗa tabarma a falonsa a unguwar Takur har Allah ya kawo mafita. Maiɗakina kuwa tana Kano gidan iyayenta da jaririyarmu ta fari.

A teburin mai shayi na haɗu da mutumin da wannan labari ya rataya a wuyansa. Ɗan wani malami ne a unguwar Limawa, don haka kowa ɗan Malam yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Ya ɗan girme ni. Dogo ne siriri, mai fara'a, hularsa kullum a karkace, in yana ba ka labarin abin da zai yi sai ka ɗauka ya riga ya gama shi. Da ya ji ina kukan masauki, ya ce akwai fili a gefen gidansu, in na ba shi kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule zai tayar mini da ciki da falo har da kewaye kafin damina ta faɗi. Ya kai ni wurin, ya riƙa zana ƙasa da ƙafarsa, nan ƙofa, nan taga mai kallon dabinai, nan maiɗakina za ta kafa murhu. Na koma Kano ranar Juma'a na ba ta labari da irin bakinsa. Ta sayar da keken ɗinkinta, na haɗa da abin da na tara, na kawo masa.

Ya haƙa harsashi, ya sa aka zubo yashi tifa guda. Daga nan aiki ya tsaya. Yaran unguwa suka yi ta wasa a kan yashin har ya baje. Da na matsa bincike sai na ji cewa ya zuba kuɗina ne a wata ƙaramar bas da suka saya su uku, tana jigila tsakanin Dutse da Kano, da niyyar in riba ta shigo ya gina ɗaki huɗu maimakon biyu. Motar ba ta yi wata biyu a hanya ba injinta ya buga a wajen Wudil.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne bai taɓa ɓuya ba. Har ofis yake zuwa ya gaishe ni, ya tambayi jaririya, ya zauna ya yi mini bayanin yadda abin ya kusa daidaita. Ni kuma ga surukina yana tambayar yaushe 'yarsa za ta tare, ga kunyar mutumin da nake kwana a falonsa. Da damina ta zo ta wuce, na je kotun yanki na yanko masa sammaci.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, yana kallon mutane ta saman tabarau. Shari'ar ba ta ja ba, don ɗan Malam bai musa komai ba. Ya ce ya karɓa, ya faɗi adadin daidai, har ya tuna mini da wasu 'yan kuɗi da na ƙara masa na siminti waɗanda ni na manta. Alƙali ya yanke hukunci ya biya ni. Da aka zo tambayar me ya mallaka, sai ga keke guda, da rediyo, da kayan sawa. Ɗakin da yake ciki da iyalinsa na mahaifinsa ne. Aka kira mutum biyu daga unguwarsu, suka shaida ba su san shi da wani abu ba bayan wannan.

A nan ne ya gyara tsayuwa, ya ce yana da shawara. Ya ce mahaifinsa yana da gona babba a bakin hanya da itatuwan dabino masu yawa, a rubuta cewa duk ranar da aka raba gado, a fara cire haƙƙina daga kasonsa. Ya faɗi haka da fuskar mutumin da ya gano hanya mai sauƙi da kowa ya kasa gani.

Alƙali ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Mahaifin naka yana raye?"

"Yana raye, Allah ya gafarta Malam."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Ya ma fi ni."

"To wa ya ba ka labarin kai za ka binne shi, ba shi zai binne ka ba?"

Ɗan Malam ya sunkuyar da kai. Alƙali ya yi mana bayani a natse cewa babu gado sai an mutu, abin da mutum bai mallaka ba ba ya jinginar da shi, ba ya sayar da shi, kotu kuma ba ta taɓa dukiyar uba saboda bashin ɗa baligi. Wanda ba shi da shi, jinkiri ake yi masa har ya samu. Amma bashi yana nan a wuyansa. Duk ranar da dukiya ta shigo hannunsa, ta sana'a ko ta kyauta ko ta gado, in dawo da takardar hukunci, kotu za ta karɓar mini. Ya kuma ɗora masa wani ɗan abu da zai riƙa kawowa duk wata. Ya kawo na wata biyu ko uku, shi ke nan.

Labari ya riga ni isa ofis. Kafin mako ya zagayo, an san ni a matsayin ma'aikacin nan da kuɗinsa ba za su fito ba sai malamin Limawa ya rasu. Ba haka alƙali ya ce ba, amma haka gari ya fahimta, kuma in an bi ta gaskiya, ba wanda ya ga wata hanyar da ɗan Malam zai samu kuɗi in ba ita ba.

Ba a daɗe ba aka aiko cewa Malam yana son ganina. Har lokacin ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na je bayan la'asar. Na same shi a zaure a kan buzu, ɗan tsoho ne ƙanƙani, fari fat gemunsa, ga littattafai jingim a gefensa, ɗalibai manya sun tashi ke nan daga karatu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙura mini ido na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kai ne mai jiran mutuwata?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara rantse-rantse, sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi. Ya ce in zauna sosai, ya sa aka kawo mini ruwa da dabino a faifai.

Ya gaya mini abu biyu a ranar. Na farko, ba zai biya bashin ba. Ya ce ya taɓa biya wa yaron nan sau biyu, bai ga ya ƙare shi da komai ba sai ƙarin ƙarfin hali. Gonar da dabinan kuma ba na mutum ɗaya ba ne, akwai 'yan'uwansa maza, akwai mata da ke gidajen aure, ba zai yanki haƙƙinsu ya toshe ramin da wani ya haƙa ba. Na biyu, ya ce baƙon da aka zalunta a ƙofar gidansa, wannan kam nasa ne. Akwai sashen wani ƙaninsa da ya rasu, ɗaki biyu ne na ƙasa da ƙofarsu daban ta lungu, ana ajiye hatsi a ciki. A kwashe hatsin, a yi yaɓe, in ɗauko iyalina.

Na ce to sai a riƙa cire hayar daga cikin bashin. Ya girgiza kai, ya ce haya zan biya, ko kaɗan ce, a hannunsa, duk wata, don kada gobe wani ya ce an riga an biya ni. Abin da ya yanka mini bai kai kuɗin shayina na wata ba.

Haka muka zama 'yan gidan Malam. Maiɗakina ta zo da fushinta na keke, ta ce ba za ta ko gaisa da ɗan Malam ba. Ranar da muka tare shi ne ya sauke kayanmu daga mota, ya ɗaura igiyar shanya, ya goya jaririya a kafaɗa yana zagaye tsakar gida da ita har ta yi barci. Maiɗakina ta riƙe fushinta na 'yan makonni, daga baya na ji su suna musu a kan yadda ake miyar zogale a nan da yadda ake yin ta a Kano.

Tare muke cin tuwo da shi a ƙofar gida, kwano ɗaya, ni da wanda na kai ƙara. In baƙo ya zo sai ya nuna ni ya ce wannan shi ne mai bin sa bashi, har da takardar kotu, kamar wata sarauta yake faɗa. Sana'o'in da ya gwada a shekarun nan ba zan iya tuno su duka ba. Ya yi kiwon kajin turawa, annoba ta share su. Ya samu kwangilar kai kujeru wata makaranta, kafintan ya gudu da kuɗin katako. Ya sayar da zuma, ya sayar da maganin ƙwari, daga baya ya koma acaɓa da babur ɗin wani. Kowace sabuwa in ya fara sai ya zo ya same ni da murna, ya ce wannan karon kam in shirya aljihu. Ban taɓa ganin ya yi ƙarya da gangan ba. Shi ne mutum na farko da yake yarda da maganarsa.

Wani abu kuma da mutanen gari ba su sani ba sai mu na cikin gida: duk 'ya'yan Malam ba wanda yake yi masa hidima kamarsa. Shi yake yanke masa farce, shi yake yi masa aski, shi yake ɗora masa ruwan zafi. Lokacin barbarar dabino shi yake hawa itatuwan ɗaya bayan ɗaya, Malam yana ƙasa da sanda yana nuna masa wadda ya tsallake. Malam yakan yi masa faɗa a gaban kowa, ya kira shi mai kunnen ƙashi, amma in ya yi tafiya ta kwana biyu sai ka ji tsohon yana tambayar ko an ji labarinsa.

Ni ma ban san lokacin da na zama ɗalibi ba. Da farko gaisuwa nake tsayawa yi in na taso daga aiki, sai na fara zama a bayan ɗalibai, sai wata rana ya miƙo mini littafi ya ce in biya. Na yi boko har na manta abin da na karanta a allo. Bai taɓa kunyata ni ba, sai dai ya ce ma'aikacin gwamnati ya sake ɗaukowa daga farko. 'Ya'yana maza biyu a gidan aka haife su, shi ya yi musu huɗuba, a makarantarsa suka fara riƙe allo. Da haƙoransa suka ƙare, kunun gyaɗar maiɗakina kaɗai yake sha da safe, in wani ya dama sai ya kurɓa ya ajiye.

Maganar bashi kuwa ta zama abin tsokanarsa. In ya yi tari ina kusa, sai ya dube ni ya ce kada in yi murna, mura ce kawai. In na yi masa barka da shan ruwa ko barka da Sallah na ce Allah ya maimaita mana, sai ya ce in faɗa da ƙarfi mutane su shaida. Ina dariya, amma a raina abin yana yi mini nauyi. Akwai shekarar da ya kwanta ciwo sosai, fitsari ya riƙe masa. Abokina mutumin Filato ya kawo motarsa, muka ɗauke shi zuwa asibiti, ɗan Malam yana riƙe da kansa a kujerar baya yana ta yi masa sannu. Albashi ya shigo a makon, na sayi magungunan da aka rubuta. A barandar asibiti na ji wasu mutanen unguwa suna ƙus-ƙus suna kallona, na san abin da suke faɗa. Da Malam ya farfaɗo aka gaya masa wanda ya sayi magani, ya sa aka kira ni bakin gado. Muryarsa da ƙyar take fita, ya ce bai taɓa ganin mai bin bashi marar dabara irina ba, ina kashe kuɗina a kan abin da zai jinkirta mini biya.

Bayan ya warke na yanke shawarar in kawar da maganar gaba ɗaya. A lokacin na samu fili a Takur na fara ɗan ginina, ƙarin girma ya zo, kuɗin nan ba su ne za su tayar da ni ko su kwantar da ni ba. Na shawarci maiɗakina, ta ce ita ta daɗe da yafe kekenta. Na samu Malam shi kaɗai a zaure, na ce ina so ya zama shaida, na yafe wa ɗansa.

Ya gyara zama a kan buzunsa. Sannan ya ce, "Haƙƙinka ne, in ka yafe ba mai hana ka, lada kuma kana da shi. Amma ni alfarma nake roƙo. Kada ka yafe."

Na tambaye shi dalili. Ya ce yaron nan tun yana ƙarami bai taɓa ɗaukar abu ya kai shi ƙarshe ba, kullum sai an samu mai tausayi ya karɓe masa a tsakiyar hanya, shi kansa yana cikin masu laifin. Yana so a ce ko sau ɗaya ya tsaya gaban mutane ya sauke nauyin da ya ɗauka da hannunsa. Ya ce shi ba zai gani ba, amma ni zan gani. Na ce Allah ya ƙara wa Malam nisan kwana. Ya ce amin, amma in yi masa alkawari. Na yi.

Da ginina ya kammala muka tashi muka koma gidanmu na Takur, amma duk Juma'a a Limawa muke yini. Malam ya ƙara shekaru masu dama bayan wannan. Yana raye aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, aka sauya allunan kotuna, unguwa ta cika da muhawara. Mutane suna zuwa su tambaye shi ra'ayinsa, shi kuwa yakan ce a fara da awo da mudu da biyan bashi, sai ya waiga ya nemi ɗansa da ido. Idonsa ya raunana, ya daina duba littafi, sai dai a karanta ya gyara da ka. Ya rasu wata ranar Laraba da hantsi, bayan ya sha kunu, kansa a cinyar ɗan Malam. Ina ofis aka zo aka faɗa mini. Na riski wanka, na samu shiga sahun gaba.

A zaman makoki ba wanda ya tsokane ni. Duk da haka na kasa ɗaga kai, ina ganin kamar duk wanda ya miƙo mini hannu yana tuna maganar. Ɗan Malam kuwa ya ba kowa mamaki. Bai yi kuka ba, bai zauna ba, shi ne shimfiɗa tabarmi, shi ne raba abinci, shi ne raka baƙi.

Da aka yi arba'in, magada suka kai rabon gaban kotu, don gonar bakin hanya ta zama abin da ba a raba ta da igiya a gida. Gari ya bunƙasa har ya cim mata, masu neman fili suna ta zarya. Na ji an sa rana, na yi kamar ban ji ba. Alkawari yana raina, amma ƙafata ta ƙi. Da safiyar ranar sai ga ƙarar babur a ƙofar gidana. Ɗan Malam ne, da farar riga, hularsa a zaune daidai. Ya ce in ɗauko takardata mu tafi. Na ce ban san inda take ba. Maiɗakina ta fito daga ɗaki da ita a hannu, ta ciro ta daga ƙasan akwatinta, ta yi ja, ta kusa rabewa a wurin ninki.

Ginin kotun shi ne dai na da, an yi masa fenti an sauya masa suna. Tsohon alƙalin ya daɗe da barin aiki, wanda muka samu matashi ne mai kaifin harshe. Ya fara da tambayar ko ana bin mamaci bashi, aka ce babu. Ko ya bar wasiyya, aka faɗi ɗan abin da ya ce a ba makaranta. Sannan aka yi rabo, kowa aka faɗa masa kasonsa a gona da dabino da gida. Sai da aka gama, kason ɗan Malam ya zama nasa, sannan alƙali ya ce ko akwai mai magana. Ban motsa ba. Ɗan Malam ne ya miƙe ya karɓi takardar daga hannuna ya kai gaba, ya ce akwai hukuncin wannan kotu a kansa tun shekarun farko na jiha, yau ya samu abin biya.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Mai kajin da ya ba shi 'yan tsaki yana wurin, da mai babur, da wata tsohuwa mai zuma. Su ba su da takarda ko ɗaya. Shi ya aika musu su zo. Ya tsaya ya faɗi na kowa da bakinsa, alƙali yana tambayarsu ko haka ne, suna cewa haka ne.

Da aka karanta adadin nawa, wani a baya ya yi dariya, ban ga laifinsa ba. Kuɗin da a da suka isa hayar shekara biyu, a ranar ko keken ɗinki ɗaya ba za su saya ba. Wani ƙanin ɗan Malam da ya yi boko ya ce adalci shi ne a dubi darajar kuɗin a yau. Alƙali ya ce shi abin da aka hukunta zai karɓa, ba zai ɗora ƙari a kan bashi ba, amma in mai biya ya ga dama ya kyautata don kansa, wannan tsakaninsu ne. Ɗan Malam ya ce zai ƙara. Na ce ba zan karɓa ba. Muka fara ja-in-ja a gaban alƙali har ya ce mu fita waje mu ƙarasa, yana da sauran shari'u.

Ya sayar da rabin kasonsa na gona, ya biya kowa. Nawa a gaban muhuti, magatakardan kotu, ya ƙirga mini su, ya sa hannu biyu ya miƙo. Na karɓa. Ba wani abin kirki na yi da su ba, sun shige cikin cefane da kuɗin makarantar yara, ban ma san ranar da suka ƙare ba.

Bayan 'yan kwanaki ya ce in raka shi Kafin Hausa. Babbar yayarsu tana aure a can, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kotu, za a kai mata kasonta da butar alwalar Malam da ta roƙa a bar mata. Muka hau babur ɗinsa, wanda ya saya da ragowar kuɗin gona, na farko da ya taɓa zama nasa. Mun wuce rabin hanya taya ta yi faci. Muka tura shi zuwa wani ƙauye, muka samu mai faci a gindin tsamiya, muka zauna a kan benci muna jira. Gero ya yi kai, ko'ina kore.

A nan ne ya fara magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce tun ranar da ya buɗe baki a kotu ya ambaci gadon mahaifinsa, bai ƙara samun sakewa ba. A lokacin dabara kawai ya gani, sai da alƙali ya yi masa tambayar nan ya ji abin da ya faɗa. Duk sana'ar da na ga yana faɗawa ciki ido rufe, so yake ya biya ni tun tsohon yana raye, don kada maganarsa ta tabbata. Ya ce kullum in yana yanke masa farce sai ya ji kamar ya nemi gafara, sai Malam ya ɗauko wata tsokanar, maganar ta wuce.

"Ga shi ta tabbata," in ji shi. "Da kuɗin mutuwarsa na biya ka."

Sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba a makoki. Mai faci ya ɗago ya dube mu, ya mayar da kai kan aikinsa.

Na bar shi har ya lafa. Sannan na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai maiɗakina, cewa na je yafe masa shekaru da suka wuce, Malam ya hana ni, da dalilin da ya bayar. Na ce masa mutumin da yake riƙe da kai a zuci ba ya zama yana tsara yadda za ka fita kunyar mutane bayan ransa. Na ce kuma ni shaida ne, duk gidan nan ba wanda Malam yake nema in ya farka sai shi.

Can ya share fuska da hannun riga, ya tambaye ni ko da gaske Malam ya ce shi ma yana cikin masu laifi. Na ce da kunnena na ji. Ya yi ɗan murmushi, ya ce bai taɓa jin tsohon ya amsa laifi ba, sai da ya bari ba ya nan.

Muka isa Kafin Hausa rana ta take. Yayar tasu tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, tsohuwa ce mai kama da Malam har a murya. Ta karɓi butar ta rungume, kuɗin kuwa ta tura su ƙarƙashin filo ba ta duba ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa ina gaishe ta irin gaisuwar baƙo, ta ce in shigo ciki, ita ba ta san ƙaninta da tsayawa a waje ba. Ta sa aka kawo mana dambu da fura mai sanyi, ta zauna tana kallonmu muna ci, tana yi wa ɗan Malam faɗa a kan ramar da ya yi. Sai da muka yi la'asar ta sallame mu, ta ɗaura mana kaza biyu a bayan babur, ɗaya tasa, ɗaya ta maiɗakina.